Farisancin Cefane

"Inna, me ya sa kullum sai mu wuce shaguna huɗu mu zo wannan, bayan duk albasar iri ɗaya ce?"

Maral ce ta yi tambayar, da muryar nan tata ta 'yan shekara shida da ba ta san a rage ba. A tsaye suke a bakin shagon Nisar da ke cikin tsohuwar kasuwar Herat, shi kuwa yana sunkuye yana ɗibar shinkafa a buhu. Ainabat ta matse hannun yarinyar ta ƙarƙashin mayafi. Abin da ya ɗan kwantar mata da hankali shi ne da Turkumanci aka yi maganar, mutanen birnin nan kuwa ba sa ji.

Sai Nisar ya ɗago, yana ta kokawa da dariya.

"Albasa na nan... ya fi zaƙi, 'yar ƙarama," ya ce da wani gurgun Turkumanci mai ɗingishi.

Ainabat ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Wata biyu tana zuwa shagon nan tana nuni da yatsa kamar kurma, ashe mutumin yana jin duk ƙananan maganganun da take yi da 'yarta, har da ranar da ta ce gemunsa ya fi na limamin garinsu tsari.

Daga wani ƙauye na bakin iyaka ta zo. Mijinta ya rasu shekara biyu da suka wuce, ambaliya ta tafi da shi tare da rabin garken tumakinsu. Da idon mahaifinta ya fara rufewa, sai ta kwaso tsohon da yarinyar da katakon saƙar darduma suka taho birni neman magani. Suka kama ɗaki biyu a gidan Gwaggo Durdana, wata dattijuwa mai faɗin baki wadda uwarta Baturkumiya ce, ubanta ɗan Herat, don haka harsunan biyu duk a tafin hannunta suke. Ita ce bakin Ainabat a asibiti, ita ce bakinta wajen dillalin darduma. Kasuwa kaɗai take zuwa da kanta, can ma 'yan tireda sun gane baƙuwa ce, ruɓaɓɓen tumatir da tsohon mai duk ita ake tura wa.

Nisar ne kawai bai taɓa yi mata haka ba. Ya ce tun yana saurayi ya bi kawunsa fataucin ulu a bakin iyaka, a can ya tsinci ɗan abin da ya tsinta na yarensu. Ranar ya ajiye mudu, ya ɗauki albasa guda ya ɗaga.

"Piyaz," ya ce. "Faɗi mana, 'yar'uwa."

Ta sunkuyar da kai don kunya. Maral ce ta fara faɗa, sannan ita ma ta bi a hankali.

Daga ranar abin ya zama kamar karatun allo, kullum da wanki da sabon rubutu. Shinkafa birinj, man girki rogan, dankali kacalu. Ya koya mata ƙirga har ashirin da ƙwayoyin wake a kan teburin awo. Ya koya mata "cand ast", wato nawa ne, da "ƙimat ast", wato ya yi tsada. Ya nuna mata idan tana son abu ta ce "mehaham", idan kuma ba ta so sai ta liƙa "na" a gaba, magana ta juye. Takan dawo gida ta zauna gaban saƙa tana maimaitawa, kowane ƙulli da kalmarsa, har mahaifinta ya tambaye ta ko wani sabon wuridi ta samo.

Wata rana ta nuna masa yadin da ta saya wa Maral, ya tambayi yadda aka sayar mata, ya dafe kai. Ya ce an yanke ta ba wuƙa. Nan ya zaunar da ita a kan ka'idar kasuwar garin: maganar farko ba ita ce magana ba. Ta taɓa kaya kamar ba ta damu ba, ta ce ya yi tsada, ta juya baya ta yi taku uku. Kafin na huɗu mai kaya zai kira ta.

"In bai kira ba fa?" ta tambaya.

"Zai kira. Ni ɗan kasuwa ne, ɗan ɗan kasuwa. Mai son ciniki ba ya bari a yi nisa."

Ta gwada a wajen mai takalma, aka kira ta a taku na biyu. Ta dawo tana dariyar da rabonta da irinta tun kafin ambaliya. Nisar ya tsaya yana kallonta har man da yake zubawa ya cika kwalba ya malale a kan tebur. Maral ta ce masa Kawu ya yi ɓarna, za a yi masa faɗa.

Ba ta yaudari kanta ba. Ta san ita bazawara ce mai ɗiya, baƙuwa, hannayenta duk rinin zare. Shi kuwa bai taɓa aure ba, ɗa ɗaya tilo wajen uwarsa, ga shago nasa na kansa. Amma ta ga yadda yake tsugunawa ya ɗaure wa Maral igiyar takalmi, da yadda yake ware mata zabibi a 'yar takarda ba tare da ya kalli ko ana ganinsa ba. Abin da ya fi narkar da ita ke nan. Namijin da zai so ta ba wuyar samu zai yi ba, wanda zai so yarinyar shi ne aiki.

Da inabi ya fara shigowa kasuwa, ran wata Litinin, ya jira shagon ya yi sauƙin mutane. Bai kalle ta ba, ma'auni yake ta gogewa da tsumma.

"Uwa na... gidanku... ran Alhamis," ya ce. "Ainabat jan, ni ina so. Ke da ƙarama, duka biyu."

Karo na farko ke nan da ya kira sunanta, har da "jan" ɗin da mutanen garin ke liƙa wa sunan wanda suke ƙauna. Ta ɗauki jakarta ta fita da sauri har ta manta gishirin da ta zo saya.

A garin nan, idan mata suka zo neman aure, ba a cewa "mun ba ku" da fatar baki. Faranti ake fitowa da shi, an zuba alewar almon mai sukari, an rufe da hankici mai ado. Fitowar farantin nan ita ce amsa. Ainabat ta ji labarin haka, don haka washegari ta tafi can wata kasuwa mai nisa inda ba a san ta ba, ta sayo alewar da Farisancinta na cefane. Kwana biyu ta ajiye saƙa tana yi wa koren hankici ado da zaren siliki. Mahaifinta ya shafa ɗinkin da yatsunsa tunda ido ba ya gani, ya ce in dai hankalinta ya kwanta da mutumin, shi ba shi da ta cewa sai addu'a.

Sannan ta je wa Gwaggo Durdana da maganar, ta roƙe ta ta zauna a matsayin uwa, ta kuma zame mata baki.

Dattijuwar ta ɗan ɗaure fuska. Abin da Ainabat ba ta sani ba shi ne shekara guda ke nan Durdana tana aika wa uwar Nisar tuwon madara da gaisuwa, saboda autarta Shekiba da ta isa aure. Amma nan da nan ta saki fuska ta rungume ta, ta yi ta sa albarka.

"Sai dai ki tsaya in gaya miki, 'yar nan," ta ce. "Nan ba ƙauyenku ba ne. Wadda ta fito da alewa a zuwan farko, har ta mutu ana yi mata gorin ta rasa mashinshini. Mu nan sai masu nema sun cinye takalmi. Sau uku, sau huɗu. Balle ke da kika taɓa aure, ai ke ya fi kamata ki ja ajinki."

Ba ƙarya ta yi ba, haka ake yi wa 'yan mata masu uwa da uba da dangi. Ainabat ta tambayi matar da ke gasa burodi a layinsu, da hannu da 'yan kalmominta, ita ma ta ɗaga mata yatsu uku. Sai ta mayar da farantin cikin akwati ta rufe.

Ran Alhamis bayan azahar Bibi Zulaiha, uwar Nisar, ta iso ita da ƙanwarta. Doguwar mace ce mai ɗaurarriyar fuska. Durdana ta kori Maral waje, ta ce yara ba sa zama a maganar manya. Aka shimfiɗa ledar cin abinci, aka kawo koren shayi da busasshen tuffa. Bibi Zulaiha ta ƙare wa ɗakin kallo, ta kalli katakon saƙa, ta kalli hannayen Ainabat, sannan ta fara magana.

Ta daɗe tana yi, muryarta ba hawa ba sauka. Ainabat ta kasa kunne iya ƙarfinta, amma babu shinkafa a maganar, babu mai, babu nawa ne. Kalmomin suka riƙa wuce ta kamar ruwan kwata. Ta juya ga Durdana.

"Cewa ta yi ta yaba da tsaftarki," in ji Durdana, tana murmushi. "Za su je su yi shawara, su dawo wata Alhamis."

Bibi Zulaiha ta ɗora hannaye a gwiwa tana kallon Ainabat ido cikin ido. Kallon mai jira ne, ko kurma ya san haka. Zuciyar Ainabat ta ce mata tashi. Har ta yunƙura za ta nufi akwatin, sai ta ji hannun Durdana ya danne mata cinya ta ƙarƙashin mayafi. Ta tuna mai takalma da ya kira ta a taku na biyu. Ta koma ta zauna, ta ƙara wa baƙin shayi.

Kofi uku Bibi Zulaiha ta sha. Sannan ta kife kofin, ta gyara lulluɓi, ta fita. A bakin ƙofa fuskarta ta ɗan saki, irin sakin fuskar wanda aka sauke wa kaya.

Alhamis ta zo ta wuce, ba wanda ya ƙwanƙwasa. Wata ma ta zo ta wuce. Ainabat takan share tsakar gida tun safe, ta sa wa Maral rigarta mai kyau, ta dafa shayi ya huce ta sake dafawa. Ta so ta leƙa shagon ko da wucewa ce, Durdana ta ce kul, macen da ake nema ba ta zuwa ƙofar mai nemanta, sai ya raina ta. Ita ta karɓi cefanen gidan gaba ɗaya, kullum ta dawo da labarin cewa Nisar yana nan lafiya, ana dai shiri. Ta kuwa yawaita fita a kwanakin nan, ita da Shekiba, da sababbin kaya a jikinsu.

A mako na shida, da hantsi, Ainabat tana kan saƙa ta ji ganga da guɗa a tsakar gidan. Ta ɗaga labule. Mata ne cike, ga Bibi Zulaiha a tsakiya an ɗora mata faranti a hannu, an rufe shi da jan hankici. Daga ɗakin Durdana ya fito. Kafin la'asar liman ya zo an ɗaura auren Nisar da Shekiba, don a Herat sau da yawa ranar alewa ita ce ranar ɗaurin aure, biki ne kawai ake bari sai daga baya.

Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta saki labulen ta koma ta ci gaba da ƙulli, tana cewa a ranta dama haka maza suke, ya ga budurwa ya sauya ra'ayi. Fushin ma ya ɗan riƙe ta.

Maral ce ta shigo da alewa cike da hannu. Yarinyar ta wuni a layi da 'ya'yan maƙwabta tun zuwansu, Farisanci ya zauna a bakinta ba tare da kowa ya lura ba. Ta zauna tana tsotsa, sannan ta tambayi uwarta me ya sa ta kori uwar Kawu Nisar.

Ainabat ta ajiye wuƙar saƙa.

"Wa ya ce na kore ta?"

"Ita ta faɗa wa matan. Ta ce ba ta son auren, amma Kawu ya daina cin abinci, sai ta yi rantsuwa za ta zo sau ɗaya tak. Ta ce ta gaya miki a gabanki, in kina so ki ba da alewa yau, ba za ta sake dawowa ba. Ta ce ke kuma kika yi ta ba ta shayi kamar ba da ke ake ba." Ta lashe yatsa. "Kuma Gwaggo ta ce musu wai kin ce ke ba ki gama kukan Baba ba. Inna, har yanzu kina kukan Baba?"

Ainabat ta jawo yarinyar ta rungume, don kada ta ga fuskarta.

Ba ta je wa Durdana da rigima ba. Me za ta ce, da wane harshe, a gaban wa? Washegari da sassafe ta kama hannun Maral suka nufi kasuwa. Nisar yana jera buhuna a ƙofa. Ya rame, gemun nan ya yi buzu-buzu. Da ya gan su ya kau da kai, ya tambaya da Farisanci, a bushe, me za a ba su.

Ta sunkuya za ta ce wa Maral ta fassara masa, sai ta ga idanun yarinyar sun yi tsuru-tsuru, tana kallon wannan tana kallon wancan. Ta fasa. Wannan ba kayan da za a ɗora wa 'yar shekara shida ba ne. Ta zaunar da ita a kan buhun wake can gefe, ta dawo ta tsaya a gabansa, ta yi masa bayani da yarenta, sannu a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya yadda zai iya tsinta. Ta gaya masa abin da uwarsa ta faɗa da abin da aka ce mata ta faɗa. Ta gaya masa akwai faranti a akwatinta tun kafin ranar.

Sai da ta maimaita sau biyu ya gane. Ya zauna a kan teburin awo kamar an zare masa laka. Ya ce shi ma kwana goma yana jiran ta zo ko da sayen ashana ne, ya ga idonta ya tabbatar. Da ba ta zo ba, ga Durdana kullum tana kawo masa saƙon wai ta ce ya fita harkarta, sai ya ce wa uwarsa ta zaɓa masa duk wadda ta ga dama.

"Me ya sa ba ka gaya min sau ɗaya za ta zo ba?"

"Kunya," ya ce. "Yaya zan ce miki uwa na ba ta son ki?"

Mai amalanken kankana ya wuce yana kiran masu saye.

Can Nisar ya miƙe, idanunsa sun kaɗa. Ya ce yau ɗin nan zai je ya warware, auren da aka gina a kan ƙarya ba aure ba ne, ko uwarsa za ta tsine masa sai dai ta tsine. Ainabat ta ji maganar har cikin ƙashinta. Abin da ta zo ji ke nan, ko da ba ta faɗa wa kanta ba. Amma ta tuna Shekiba jiya, an lulluɓe ta da koren mayafi, hannu ya sha lalle, tana murmushin yarinyar da ba ta san komai ba. Ta san abin da garin nan yake yi wa wadda aka saka kwana ɗaya da ɗaurin aure: ba mai sake taka ƙofar gidansu, kuma ba wanda zai yarda ba wani abu aka gano ba. Ta waiwaya ta kalli Maral tana wasa da ƙwayoyin wake.

"A'a, Nisar jan," ta ce. "Yarinyar ba ta yi mana komai ba. Ni ma ɗiya gare ni. Ba zan gina ɗakina a kan 'yar wata ba."

Ya roƙe ta, da yarenta da nasa, har kalmomin suka cakuɗe masa. Ba ta sauya ba, ko da yake hawaye sun jiƙa mata mayafi ta ciki inda ba ya gani. Da ta ga zai sa ta karaya, sai ta tambaye shi abu ɗaya: a ina babbar mace za ta koyi sauran harshen nan, wanda ba na kasuwa ba? Ya kwatanta mata gidan wata malama a bayan masallacin unguwar masu tukwane, wadda take koyar da mata bayan la'asar.

A cikin satin ta kwashe kayanta ta koma can unguwar. Ba ta sake bin layin shagonsa ba. Yanzu ita take kai mahaifinta asibiti ta yi wa likita bayani da bakinta, ita take ciniki da dillali, har wasiƙa tana karanta wa maƙwabta. Ana cewa Nisar yana riƙe da matarsa da mutunci, sun sami 'ya mace. Ainabat takan ce Allah ya raya, kuma har zuciyarta take faɗa. Sai dai wani lokaci, idan malama ta koya musu wata kalma mai taushi, irin wadda ake faɗa wa mutum ɗaya tak a duniya, takan rubuta ta a littafi ta daɗe tana kallo, ba ta da wanda za ta gaya wa.

Ke da kike karanta wannan, musamman idan aure ko neman lafiya ko gudun wahala ya kai ki garin da ba a jin yarenki: kada ki tsaya a kan nawa ne da ya yi tsada ki ce kin iya. Cefane zai cika miki tukunya, amma ba zai tsaya miki ba ranar da za a yi maganar rayuwarki a gabanki. Ki koya har ki ji da kunnenki, ki amsa da bakinki. Kuma duk ranar da mai fassara ta gajarce miki doguwar magana ta koma kalma biyar, ki tashi a take ki nemi wani ya sake faɗa miki, ko da za a ce ba ki da kunya. Kunyar yini ɗaya ce. Ɗayar kuwa ba ta da ranar ƙarewa.